Haska gashi a salun: tambayoyin da ya kamata a yi kafin a zauna a kujera

Wai mene ne bambancin rina gashi da haska shi?

Rini launi yake ƙarawa, haskawa kuwa cire launi ce. A cikin kowane silin gashi akwai sinadarin melanin iri biyu: mai ba da baƙi da ruwan ƙasa, da kuma mai ba da ja da ɗorawa. Mai gyaran gashi takan kwaɓa hodar cire launi, wato bilicin, da ruwan haidurojin feroksaid, wanda masu sana'ar ke kira dibelofa. Wannan haɗin yana kumbura silin, ɓawonsa na waje ya buɗe, sannan ya shiga ciki ya wargaza melanin ɗin. Launin da aka cire ya tafi ke nan, sai dai a jira sabon gashi, shi kuwa tsawon da yake ƙarawa a wata bai wuce santimita 1 da 'yan kai ba.

Lambobin 10, 20, 30 da 40 da ke jikin kwalbar dibelofa fa?

Ƙarfin feroksaid ɗin suke nunawa. Mai lamba 10 kashi 3 cikin 100 ne, 20 kashi 6, 30 kashi 9, 40 kuma kashi 12. Mutane da yawa na ɗauka cewa babbar lamba ita ce aiki mai kyau. A gaskiya sauri da ƙarfi take ƙarawa, kuma gashi ne ke biyan kuɗinsu. Idan haɗin zai taɓa fatar kai, galibi ƙwararru ba sa wuce 20. A ganina duk wadda ta jawo kwalbar 40 tun kafin ta taɓa gashinki ta ji yadda yake, lokacinta take tattali, ba kanki ba.

Me ya sa baƙin gashi yake komawa ruwan goro maimakon fari-fari irin na hoto?

Saboda launin ba ya fita lokaci ɗaya. Baƙin ne ke fara gudu, jan da ɗorawar kuwa masu taurin kai ne. Don haka gashi yakan bi matakai: daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, zuwa ja, zuwa ruwan goro, zuwa ɗorawa, daga ƙarshe ɗorawa mai haske kamar cikin ɓawon ayaba. Masu sana'ar suna auna duhun gashi da ma'auni daga 1 zuwa 10, inda 1 ke nufin baƙi ƙirin, 10 kuma mafi haske. Wadda ke mataki na 2 tana son na 9 tafiya ce mai nisa, kuma galibi ba a yin ta a zama ɗaya. Akan raba aikin gida biyu ko uku, da tazarar makonni a tsakani.

Launin da kike gani a hoto kuwa yawanci aikin tona ne, wato wani sassauƙan rini da ake shafawa bayan an wanke bilicin. Shuɗi yana kashe ruwan goro, shunayya tana kashe ɗorawa. Amma tona ba ta ƙara haske ko kaɗan. Idan gashi ya tsaya a ruwan goro, babu tonar da za ta mayar da shi ruwan azurfa.

Da naɗewa a takardar alminiyam da balayaj, wanne ya fi?

Ba aiki ɗaya suke yi ba. A hanyar takarda, mai gyara takan tsaga gashi siriri, ta sa wutsiyar mataji tana tsinto wasu silalla tana barin wasu, ta shimfiɗa waɗanda ta tsinto a kan takardar, ta shafe su da buroshi, ta naɗe. Takardar tana hana haɗin bushewa, tana kuma riƙe ɗumi, shi ya sa gashin ke haskawa sosai tun daga kusa da tushe. Wannan muhimmi ne, domin da zarar bilicin ya bushe ya daina aiki. In an tsinto silallan ƙanana ƙwarai, hasken yakan fito a cakuɗe ba tare da an ga layi ba. In an yanko faffaɗan yanki kuma, sai ya fito ɓaro-ɓaro.

Balayaj salo ne da ya fito daga Faransa a shekarun 1970. Nan da hannu ake zana haɗin a saman gashi, sama-sama daga tsakiya, ya yi kauri a ƙarshe, sannan a bar shi a buɗe. Kyansa shi ne idan sabon gashi ya tofo ba a ganin iyaka, mutum na iya yin watanni bai koma ba. Aibinsa kuma iska tana busar da haɗin da wuri, don haka ba ya haskawa da nisa. A kan baƙin gashi yakan tsaya a ja ko ruwan goro. Shi ya sa wasu ke haɗa biyun, su zana da hannu sannan su naɗe a takarda.

Akwai kuma tsohuwar hanyar hula mai huji-huji, wadda ake zaro silalla ta cikinta da ƙugiya. Tana yi wa gajeren gashi, amma dogo ko mai murɗiya yakan sarƙe wajen zarowa.

Ina sa rilaksa, kuma na taɓa rina kaina baƙi. Zai yiwu?

Nan ne ya kamata ki faɗi gaskiya tsaf, ko da abin ya kwana biyu, domin gashin da ke ƙarshen kanki ya shekara biyu ko uku yana ɗauke da duk abin da aka taɓa shafa masa. Rilaksa tana miƙar da gashi ne ta hanyar karya wasu mahaɗai na cikin sili waɗanda su ne ƙarfinsa. Bilicin ma yana cin waɗannan mahaɗan. In aka haɗa su a kai ɗaya, gashi yakan yi laushi in ya jiƙe, ya miƙe kamar cingam, ya tsinke a mataji. Ƙwararru da dama sukan ƙi aikin baki ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba.

Baƙin rini matsalarsa daban. Rini ba ya cire rini, kuma ko da bilicin ne, wurin da aka sha maimaita rinin ya fi wuyar fita, sai kai ya fito dabbare-dabbare. Lalle ma haka, yana kama gashi gam. Wanda ya fi haɗari shi ne irin da aka gauraya da gishirin ƙarfe: yana iya yin zafi har ya ƙona gashin idan ya gamu da feroksaid.

To ta yaya za a sani kafin a yi ɓarna?

Gwaji biyu ne. Na farko a kan gashi: a ware 'yan silalla daga ƙeya, a shafa musu haɗin, a ga iya inda za su haska da kuma ko za su jure ja. Na biyu a kan fata: a ɗiga rinin ko tonar da za a yi amfani da ita a bayan kunne, a jira awa 48. Ƙaiƙayi, kumburi ko ƙuraje na nufin a fasa. Haka nan in akwai ciwo ko ƙujewa a fatar kai, a bari ta warke. Kuma kada a wanke kai a ranar, maiƙon da fata ke fitarwa kariya ne. Ɗan tsikari lokacin aiki ba abin mamaki ba ne, amma raɗaɗi na ƙuna dalili ne na wankewa nan take.

Me ya sa ake barin tushen gashi sai daga ƙarshe?

Ɗumin fatar kai yana hanzarta aikin a kan santimita ɗaya ko biyun farko. In aka fara daga nan, tushe zai yi fayau alhali sauran na nan da duhunsa. Mai gyara ta kirki ba ta dogara da agogo kaɗai: takan buɗe takarda ɗaya lokaci-lokaci, ta goge haɗin, ta duba launin, ta ɗan ja silin. Kuma ba ta wuce iyakar lokacin da kamfanin ya rubuta a jikin hodar.

Bayan an gama, yaya kulawar take?

Gashin da aka haska yana shan ruwa da sauri, yana kuma bushewa da sauri, kuma mai murɗiya yakan ɗan saki. Yana buƙatar kwandishana mai nauyi a kai a kai, da rage na'urar busarwa da ta miƙarwa. Sinadaran ƙarfafa mahaɗan gashi, irin su Olaplex da ya fito a 2014, suna rage ɓarna, amma ba sa mayar da gashi yadda yake a da. Shamfu mai launin shunayya sau ɗaya a mako ya isa, in ya yi yawa gashin ya dushe. Tona takan koɗe cikin 'yan makonni, sai a sabunta ta ba tare da an sake bilicin ba. Idan kuma aka koma gyaran tushe, yawanci bayan mako 6 zuwa 8, a kan sabon gashin kaɗai ake shafawa. Inda haɗin ya hau wanda aka riga aka haska, daidai wannan layin ne gashi ke karyewa.