Ciwo Mai Daɗewa

Ciwo mai daɗewa shi ne raɗaɗin da ya wuce wata uku yana cin mutum, ko yake lafawa yana dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware masa gurbi a kundinta na 11 na rarrabe cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Sau da yawa raunin farko yakan warke sarai, amma jijiyoyi su ci gaba da kai saƙon zafi ga ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ba a barin bincikensa a hannun likita ɗaya.

Tarihi

Ana danganta tsarin haɗa masana da John Bonica, likitan sa barcin tiyata a Amurka, wanda ya yi jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya lura cewa ciwon da ya gagari likita guda yakan yi sauƙi idan likitan jijiya da na ƙashi da na ƙwaƙwalwa suka zauna a kansa tare. Wajejen 1960 ya kafa irin wannan asibiti a Jami'ar Washington da ke Seattle, taron da ya kira a 1973 kuma shi ya haifar da ƙungiyar nazarin ciwo ta duniya, IASP.

A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa akwai wata "ƙofa" a lakar ƙashin baya da ke rage saƙon zafi ko ta ƙara shi. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya buge ƙauri yake murza wurin ya ji dama. A 1986 Hukumar Lafiya ta fitar da tsani mai hawa uku na maganin raɗaɗin ciwon daji, wato a fara da magani mai sauƙi, a haura zuwa mai ƙarfi in zafin bai lafa ba.

Gano ciwo

Ana farawa da tambaya: ina ne, tun yaushe, me ke tayar da shi, yana hana barci ko ruku'u? Majiyyaci yakan auna zafin daga 0 zuwa 10. Wanda bai yi boko ba sai a nuna masa zanen fuskoki. Kalmar da ya zaɓa ma alama ce. "Tsami" yakan nuna tsoka ko gaɓa, "ƙuna" da "tafiyar tururuwa" kuwa jijiya ce ta taɓu, kamar a ƙafar mai ciwon suga, wadda ake gwadawa da zaren roba da ke danna fata da nauyin giram 10.

Ga mai ciwon baya, rama, zazzaɓin dare, raunin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari na bukatar gaggawa, domin tarin fuka na kama ƙashin baya. In babu waɗannan, hoto ba ya ƙara wani abu sosai: ana ganin gocewar faifan baya a mutane da yawa da ba sa jin komai.

Magani

Farasitamol kada ya wuce giram 4 a rana ga babba. Diclofenac da ibuprofen, in aka daɗe a kansu, suna jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Ciwon jijiya ba ya jin waɗannan. Akan ba da amitriptyline, miligiram 10 zuwa 25 da dare, a jira makonni kafin a yanke hukunci ko yana aiki. Gashin ƙashi, motsa jiki daki-daki da zama da masanin halayya suna cikin tsarin. Doguwar kwanciya ƙara ciwon baya take yi.

Masana sun rabu a kan daɗewa ana shan dangin mofin, magungunan kashe zafi masu ƙarfi, ga ciwon da ba na daji ba.

A Kebbi da Zamfara

Manoman shinkafa a fadamun Argungu da Yawuri na yini a sunkuye lokacin dashe, don haka ciwon ƙugu da gwiwa ba baƙo ba ne, ga kuma masu sikila. Akasari kemis ake fara zuwa a sayi haɗin ƙwayoyi, wani ma ya koma tramadol mai miligiram 225, alhali 50 da 100 ne hukumar NAFDAC ta amince da su. Sai abin ya ci tura ake nufar manyan asibitocin Gusau da Birnin Kebbi, daga nan a tura wasu Sakkwato. Ƙaho da tsagar wanzami na nan daram. Ƙaho kan kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma askar da aka yi wa wani amfani da ita tana iya yaɗa ciwon hanta.