Me "wipe out" ke nufi, kuma wa aka shafe?

Kwanan nan "wipe out" ba ya barin bakin masu magana da yawun sojoji da 'yan siyasa. A kai farmaki daji, a kashe 'yan bindiga goma, sai sanarwa ta fito da wannan kalma, gidan rediyo kuma ya ce "an shafe su daga doron ƙasa". Mako bai zagayo ba sai ka ji sun sake tare hanya.

"Wipe" shi kaɗai gogewa ne, kamar yadda malami ke goge allo. Nauyin yana kan ɗan "out" ɗin nan: a goge ƙaf, ba a bar ko ɓurɓushi ba. Fatattaka daban, murƙushewa daban, wannan ƙarewa ce.

Mai son sanin inda kalmar ta dace ya duba tafkin Nyos a arewa maso yammacin Kamaru. Daren 21 ga Agusta 1986, tafkin ya amayar da iskar carbon dioxide da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ba ta tashi sama ba, sai ta gangara kwari tana bin ƙauyuka, jama'a na barci. Mutum wajen 1,700 suka rasu, da dabbobi kimanin 3,500, galibi shanun makiyaya. Gari ya waye gidaje na tsaye, tukwane na kan murhu, babu mai motsi. Amma ko a nan, mai kiyaye harshe "kusan" zai ce, domin akwai waɗanda suka farfaɗo. Cikakken misali sai cutar agana, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewarta a 1980.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, datti ake gogewa. Idan ɗan siyasa ya tsaya a bainar jama'a ya yi alkawarin "wipe out" ɗin wata al'umma, kisan ƙare dangi yake faɗa da harshen shara, kuma a tafa masa.

Bature kan ce shi "wiped out" ne idan ya gaji liƙis, ko jarinsa ya karye. Wannan ba ruwansa da jini, kada mai fassara ya tayar mana da hankali.