Gidan Sarkin Damagaram: wa ya gina shi, su wa suka zauna ciki?

Duk baƙon da na kai Birni, tsohuwar unguwar Zinder (wato Damagaram), sai ya tsaya ƙofar fada ya jero mini tambayoyi, kuma kusan kullum iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda.

Wa ya gina gidan?

Sarki Tanimun, wajen 1850. Sarautar kam ta girmi gidan da fiye da shekara 100, tun Malam Yunus ta faro, amma Tanimun ne ya zagaye Birni da ganuwa, a zamaninshi aka ƙera igwa nan cikin garin, ayarin raƙuma na tahowa daga Tarabulus su sauka Zango, to mai wannan ƙarfi ai dole gidanshi ya nuna. Ya rasu 1884.

Wane sarki ne Faransawa suka iske ciki?

Amadu Kuran Daga. A 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju, sojan Faransa, a Damagaram, shekara ta zagayo Faransawa suka taho da bindigogi aka gwabza a Tirmini, 1899, garin ya faɗa hannunsu shi kuma sarki aka kashe shi a wannan shekarar. Allah ya jiƙan mazan jiya.

Daga nan fa?

Nan ne wallahi abin ke taɓa ni. Sun naɗa Amadu ɗan Basa, 1906 suka ce wai yana ƙulla musu tawaye suka tuɓe shi suka kai shi Kodibuwa, sai suka ɗanka riƙon gari hannun Ballama, bawan fada, ka duba fa, gidan da Tanimun ya gina amma shekara da shekaru babu jinin sarauta bisa gadon, har a tsakanin nan Zinder ta zama babban birnin Nijar a 1911. Sai 1923 sarauta ta koma gida da Barma Mustafa, bayanshi Sanda Umaru a 1950, sannan Abubakar Sanda 1978, wanda aka sauke a 2001 aka maido shi 2011.

Yanzu gidan tarihi ne kawai?

A'a, gidan zama ne, ana fadanci, dogarai na ƙofa da ja da kore. In kana son ganin shi da kyau ka zo ranar hawan salla, kuma ka taho da wuri don kafin hantsi ƙofar fada ta cika.