Gajiyar da Barci Ba Ya Maganinta

Akwai gajiyar da mutum ke kwana da ita ya kuma tashi da ita. Aikin da a da yake yi da marmari, yanzu ko tuna shi ya yi sai gabansa ya faɗi. Mu ma'aikatan lafiya muna yawan jin wannan kuka, kuma galibi daga bakin waɗanda ba su iya cewa a'a ba ne: malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, uwar da ke fita aiki ta dawo ta ɗora da jinyar tsoho a gida.

Wannan ba lalaci ba ne. Tun a 1974 masanin halayyar ɗan Adam Herbert Freudenberger ya lura da wannan yanayi, wanda ake kira “burnout” da Turanci, a jikin masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta a birnin New York. Sun shigo aikin da zafinsu, daga baya suka koma kamar an zare musu laka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin abin da ke biyo bayan matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Ba ta kira shi cuta ba, amma ta faɗi alamunsa uku: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum har ya riƙa jin haushinsa, sannan ƙwazo ya ragu. Jiki ma yana biyan kuɗin. Binciken da hukumar ta fitar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2021 ya nuna cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako ya fi mai yin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne inda mai gajiyar ke fara yanka. Sai ka ji ya ce, “Ni yanzu ba na son ganin kowa.” Ya daina ɗaga wayar aminin da ke sa shi dariya, ya daina leƙa 'yan uwa, ya daina ɗan tattakin yamma. Amma da shugabansa zai kira shi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, zai ɗauka da “ranka ya daɗe”. Wato ya sauke abin da ke ƙara masa ƙarfi, ya bar abin da ke cinye shi. Kwana biyu a ɗaki a huta ba laifi ba ne. Idan ya zama makonni, kaɗaici kan buɗe wa ciwon damuwa ƙofa, kuma waɗanda za su lura ka canza su ne ka kora. Don haka a rage kaya, a bar mutane.

Rage kayan kuwa da baki ake fara shi, kuma a nan kunya ke kayar da mu. Ba sai ka yi faɗa ba, ba kuma sai ka shirya ƙarya ba. “Ka yi haƙuri, yau ba zan samu dama ba, amma ranar Asabar ina nan.” Ko ka ce wa shugabanka, “Ranka ya daɗe, ayyuka uku ne a hannuna, wanne zan fara gabatarwa?” Idan an zo maka da buƙata, kada ka amsa nan take, ce za ka duba ka waiwayo. Wanda ya saba jin “to” daga bakinka zai ɗan ji zafi da farko, kai ma zuciyarka za ta riƙa tuhumarka. Daure. Yin alkawarin da za ka cika da ƙunci, ko ka kasa cikawa, ya fi ɓata zumunci.

Ka tsayar da lokacin da wayar aiki ke yin shiru. A Faransa tun 2017 doka ta amince da 'yancin ma'aikaci na kashe saƙonnin aiki bayan an tashi. Baligi kuma yana buƙatar barcin awa bakwai aƙalla.

Shugabanni, da ku ma nake. Idan aikin mutum uku kuka ɗora wa mutum ɗaya, babu dabarar hutun da za ta cece shi. Ku raba aiki daidai, ku bari ya tafi hutunsa ba tare da kira ba.

Mai jinya a gida kuma ya kira 'yan uwa a raba kwanaki, ya faɗi abin da yake buƙata ƙarara: wane ya karɓe shi daren Laraba, wance ta kai marar lafiya asibiti.

Idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu, barci da cin abinci sun rikice, ko ƙirji na ciwo, a je asibiti a duba, a auna hawan jini. Wanda tunanin cutar da kansa ya zo masa kuwa, ya faɗa wa wani na kusa da shi yau ɗin nan, su tafi wurin likita tare.