Waiwaye: Yadda nisan gida da wurin aiki ya zama ciwon Abuja

Muhawarar da ake yi a majalisu da shafukan sada zumunta kan ko zaman Abuja ya fi na Jos cin rai ta fi karkata ga tsadar kuɗin mota tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Sai dai duk wanda ya zauna a garuruwan biyu ya san cewa tsadar mai ta tarar da ciwon ne a kwance.

Farkon labarin sananne ne. A 1976 aka kafa dokar samar da sabon babban birnin tarayya, aka kuma tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991. Jos kuwa haƙar kuza ce ta raya ta, shi ya sa gida da kasuwa da wurin sana'a suka tashi a jikin juna.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne Nyanya, unguwar da ke gefen Abuja. A farkon shekarun 1980, lokacin da ake aza harsashin birnin, an yi matsugunin wucin gadi a can domin ma'aikatan gini da ƙananan ma'aikata, da tunanin cewa zaman na ɗan lokaci ne kafin gidaje su wadata a ciki. Gidajen da aka gina a ciki sun fi ƙarfin aljihun magina da masinja da direba, saboda haka wucin gadin ya zama zaman dindindin, kuma duk baƙon da ya zo neman abinci sai ya sauka inda ɗan garinsu ya sauka. Da Nyanya ta cika, aka gangara Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, ta ɗaya ɓangaren kuma Kubwa da Zuba har zuwa Suleja. A ganina, nan ne aka raba wurin kwana da wurin neman abinci, kuma daga wannan rabuwa mafi yawan gajiyar Abuja ta fito.

Wanda ya tsaya a gadar Nyanya da ƙarfe biyar da rabi na asuba zai ga mata riƙe da kular abinci suna kokawar shiga mota, da yara sanye da kayan makaranta suna gyangyaɗi a cinyar iyayensu, kafin a shiga cunkoson Kugbo. Na san magidancin da ke fita 'ya'yansa na barci, ya dawo ya tarar sun yi barci, ga mai gida kuma yana jiran kuɗin hayar shekara guda cif a dunƙule.

Jos ma tana da nata nauyin, kuma ba ƙarami ba ne. Tun rikicin Satumbar 2001 unguwanni suka rarrabu, gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002 kuma ta ɗaiɗaita 'yan kasuwa da yawa, har mutum kan yi lissafin unguwar da zai ratsa idan gari ya yi tsami. Amma a ranar da ake zaman lafiya, ɗan kasuwar da ke Anguwan Rogo yakan rufe shago ya riski sallar magariba a masallacin unguwarsu, a daidai lokacin da takwaransa na Masaka ke tsaye a mahaɗar AYA da ke cikin Abuja yana jiran motar farko cikin biyun da za su kai shi gida.