Wa Ke Binciken Haɗarin Mota Idan An Rasa Rai?

Duk lokacin da mota ta kashe mutane a babbar hanya a Najeriya, sanarwar da ke biyo baya kusan iri ɗaya ce. Kwamandan Hukumar Kiyaye Haɗura na jihar zai faɗi adadin waɗanda suka rasu, maza kaza mata kaza, lambar motar, asibitin da aka kai masu rauni, sannan ya rufe da dalili: gudun wuce sa'a, ko fashewar taya, ko aron hannu. Sau da yawa kafin a yi jana'iza an riga an faɗi dalilin, jama'a kuma sai su ɗauka bincike ya ƙare ke nan. A idon doka kuwa lokacin ne ya kamata ya fara, kuma ba hukuma ɗaya aka ɗora wa shi ba.

'Yan Rod Sefti, wato jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura, ake fara gani, don haka mu fara da su. An kafa hukumar a watan Fabrairun 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ita ce ta 2007. Sashe na 10 na dokar ya jera ayyukanta: rage haɗura, kawar da duk abin da ya tare hanya, gaggauta kai ɗauki ga waɗanda haɗari ya rutsa da su, ƙayyade gudu da tabbatar da an bi, wayar da kan direbobi, da gudanar da bincike kan abin da ke haddasa haɗura da yadda za a magance shi. Dokar ta ba ta ikon kama mai laifin hanya ta gurfanar da shi. Ta kuma ce wanda ya yi tuƙin ganganci har ya yi sanadin mutuwar wani zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara bakwai. Rashin kai rahoton haɗari ma laifi ne mai tarar naira 20,000, asibiti ko ma'aikacin lafiya da ya ƙi karɓar wanda ya yi haɗari kuma tararsa naira 50,000. Wannan na ƙarshen ya kamata kowa ya riƙe shi, domin har gobe ana samun inda ake cewa sai an kawo ɗan sanda kafin a taɓa mai rauni, alhali Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta hana a ƙi duba mutum a halin gaggawa.

To amma da zarar an rasa rai, maganar ta wuce laifin hanya kawai, ta shiga babin kisa. Nan ne 'yan sanda ke shigowa, ta sashensu na kula da zirga-zirgar ababen hawa da ke caji ofis, wanda ake kira MTD. Su ke buɗe fayil, su ɗauki bayanin direba da na shaidu, su zana taswirar wurin, su tsare motar. Su ne kuma ke kiran jami'in VIO, mai duba lafiyar motoci, wanda ma'aikacin gwamnatin jiha ne, ya duba motar ya rubuta ko birki da sitiyari da taya suna da lafiya kafin karon. Likita ya rubuta sanadin mutuwa. Idan fayil ya kammala, akan tura shi Ma'aikatar Shari'a, lauyoyin gwamnati su ba da shawarar ko akwai tuhumar da za ta tsaya a kotu. Hannu huɗu ke nan a kan magana ɗaya, kowa da ubangidansa, kowa da takardarsa. Hukumomin jihohi irin su KAROTA a Kano suna taimakawa wajen tsare hanya da sassauta cunkoso, amma fayil ɗin kisa ba nasu ba ne.

Yanzu ga tambayar da ta fi damuna: wane ne mutumin da ke tsaye a kan kwalta da tef ɗin awo a hannu, kuma me aka koya masa?

Hukumar Kiyaye Haɗura tana ɗaukar ma'aikata a matakai uku. Masu digiri suna shiga a matsayin hafsoshi, masu difloma da takardar NCE suna shiga matakin sufeto, masu takardar sakandare kuma, har da direbobi da masu sana'ar hannu, suna shiga ƙaramin mataki. Tana da kwalejin horar da hafsoshi a Udi ta jihar Enugu, da makarantar horo a Jos. Ta raba ƙasar shiyya 12, da ofishin kwamanda 37, ɗaya a kowace jiha da Abuja, sai ƙananan ofisoshi a garuruwan da ke kan manyan hanyoyi, da wuraren ajiye motocin ɗaukar marasa lafiya da ake kira Zebra, da lambar kiran gaggawa ta kyauta, 122. Akwai kuma 'yan sa-kai, ma'aikata da 'yan kasuwa da ke sanya riga su taimaka ba tare da albashi ba.

Horon farko da sabon ɗauka ke samu ya ƙunshi fareti, dokokin hanya, sintiri, taimakon gaggawa da cike takardar rahoton haɗari. Wannan shi ne horon mai kai ɗauki, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin waɗannan mutane suna zaro mutum daga cikin bas ɗin da ta dunƙule ƙarƙashin tirela ba zai raina su ba. Sai dai mai kai ɗauki daban, mai bincike daban, kuma ayyukan biyu har karo suke da juna. Mai kai ɗauki so yake a ɗaga mota, a kwashe mutane, a buɗe hanya cikin gaggawa. Mai bincike so yake kada a taɓa komai sai ya auna. Idan 'yan mutane ƙalilan da ke cikin motar sintiri ɗaya aka bar wa duka biyun, ceto ne zai ci, kuma shi ya kamata ya ci. Abin da ke salwanta shi ne shaida.

Ka ɗauki haɗarin da ya faru da asuba a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Kafin hukuma ta iso, mutanen ƙauyen da ke kusa da matafiya sun taru da fitilun waya, sun fasa ƙofa, sun shimfiɗe masu rauni a gefe, sun zuba ganye a kan titi don masu zuwa su rage gudu. Allah ya saka musu da alheri. Amma a cikin rabin awa an tura ƙaramar motar gefe don a samu hanya, ɗaruruwan tayoyi sun bi ta kan fasassun gilasai sun watsa su, wani ya tsince ɓallen tayar da ta fashe ya jefa daji, direban tirelar kuma ya gudu don tsoron kada a far masa. Hantsi na yi janwe ya zo ya ja komai. Wanda zai zo da tef da azahar, kwalta kawai zai tarar.

Alhali kwaltar nan tana da bayani ga wanda aka koya wa karanta ta. Baƙin zanen da taya ke bari idan an taka birki ya kama yana nuna gudu. A busasshiyar kwalta mai kyau, zane mai tsawon mita 20 yana nufin motar tana gudun kimanin kilomita 60 a awa lokacin da aka taka birki. Idan zanen ya kai mita 80, gudun ya kai kimanin kilomita 120. Wato idan gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninkawa huɗu take. Idan kuma motar ta daki wani abu kafin ta tsaya, ainihin gudun ya fi abin da zanen ya nuna, sai an haɗa da lissafin yadda ƙarfe ya lotsa da nisan da motocin suka yi bayan karo. Ruwan sama, yashi a kan titi da gangara duk suna canza lissafin, motocin zamani masu birkin da ba ya kullewa kuma zanensu dishi-dishi ne, yana ɓacewa cikin sa'o'i. Kartar da ƙarfe ya yi wa kwalta ita ke nuna daidai inda aka haɗu, wato wa ya shiga hannun wani. Siririyar wayar cikin ƙwan fitila, idan tana da zafi lokacin karo miƙewa take ta lanƙwashe, idan a kashe take karyewa take, da haka ake gane ko direba ya kunna fitila. A jikin taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma yanayin yagewarta yana nuna ko fashewar ce ta jawo haɗarin ko haɗarin ne ya fasa ta. Wannan bambancin na ƙarshe kaɗai ya isa ya raba direban da ya cancanci ɗauri da mai motar da ya saya masa tsohuwar taya 'yar gwanjo. Motoci da dama da aka ƙera don kasuwar Amurka, waɗanda su ne cike da titunanmu, suna da 'yar na'urar da ke adana gudu da taka birki na daƙiƙu biyar kafin karo, amma sai da kayan karantawa da wanda ya iya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake koyo a mako biyu. Ana buƙatar lissafi, ilmin kanikanci, ɗaukar hoto, zanen taswira bisa ma'auni, da iya tsayawa gaban alƙali lauya yana yi maka tambayoyin ƙure. Ana kuma buƙatar shekaru a kan aikin.

Shi ya sa rundunar sintirin manyan hanyoyi ta jihar Kalifoniya a Amurka ta raba aikin tun ƙarshen shekarun 1970. Ɗan sintiri yana binciken haɗuran yau da kullum, amma idan abu ya yi muni ko ya rikice, akwai ayari na musamman a shiyyoyin rundunar da ba su da wani aiki sai wannan. Ayarin yana da saje mai jagoranta, da jami'an da suka ƙware a sake gina yadda haɗari ya faru, da masanin injin manyan motoci, da injiniyan hanya daga ma'aikatar sufuri ta jihar. Dalilin haɗa su shi ne haɗari yana da ƙafa uku, mutum da mota da hanya, kuma ɗan sanda shi kaɗai idonsa kan direba yake tafiya. Ba baƙon tsari ba ne ga Najeriya, domin a zamanin da Osita Chidoka ke shugabantar Hukumar Kiyaye Haɗura, tsakanin 2007 da 2014, an tura jami'anta horo wurin wannan runduna da tallafin Bankin Duniya. Darasin da nake ganin ya fi muhimmanci a can ba na'ura ba ne, ware mutum ne a bar shi kan aiki ɗaya. Jami'in da aka kashe kuɗi aka horar kan bincike, sannan aka mayar da shi duba lasisi a shingen hanya ko aka yi masa canjin wurin aiki zuwa ofis, horonsa ya tafi a banza.

Injiniyan nan da ke cikin ayarin shi ne kujerar da ta fi zama babu kowa a wurinmu. Idan rahoto ya ce mota ta ƙwace wa direba, wa zai rubuta cewa ramin da ya kauce wa ya shekara a wurin, ko cewa an karkatar da motoci hannu ɗaya saboda aikin hanya ba tare da alama ba? A ranar 31 ga Mayun 2025 bas ɗin da ta ɗauko 'yan wasan jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Ogun ta faɗa daga gadar Ciromawa a hanyar Zariya zuwa Kano, mutum sama da 20 suka rasu, sun kusa gida. Hukumar Kiyaye Haɗura ta ce mai yiwuwa gajiyar tafiyar dare da gudu ne. Tambayoyin da cikakken bincike ke amsawa a irin wannan su ne awa nawa direban ya yi a kan sitiyari, ko akwai mai canjinsa, yaushe aka duba motar, da ko ƙarfen gefen gadar zai iya tare bas. Amsar kowace tana da wanda za ta ɗora wa nauyi, kuma ba duka ne direba ba.

Girman aikin ma abin dubawa ne. Alƙaluman hukumar sun nuna mutum 5,081 suka mutu a 2023, sai 5,421 a 2024 cikin haɗura 9,570. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa waɗanda hanya ta kashe a Najeriya a 2016 sun kusa 40,000. Tazarar da ke tsakani ta haɗa da waɗanda suka cika a asibiti bayan kwanaki, da waɗanda aka ɗauka daga bakin titi aka kai makwanci ba tare da wata hukuma ta rubuta sunansu ba.

A nan dole mu ma mu dubi kanmu. Muna gaggauta binne mamaci, kuma haka addini ya koyar. Muna cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya wajabta diyya a kan kisan kuskure, kuma ba a san wanda diyya ta hau kansa sai an san yadda abin ya faru. Iyali suna iya karɓar gawa su yi mata sutura a ranar ba tare da sun rufe fayil ba. Abin da ya kamata wani daga dangi ya tsaya ya yi shi ne ya san caji ofis ɗin da maganar take da sunan ɗan sandan da ke bincike, ya tabbatar VIO ya duba motar kafin a sake ta, ya karɓi takardar likita, ya nemi rahoton 'yan sanda a rubuce. Da waɗannan takardu ake neman haƙƙi a wurin kamfanin inshora, domin inshorar dole ta naira 15,000 da ƙananan motocin gida ke biya tun Janairun 2023 an yi ta ne don wanda mota ta ji wa rauni ko ta kashe, da dukiyar da ta lalata har ta naira miliyan uku. Idan magada sun ga dama daga baya su yafe, wannan haƙƙinsu ne, sai dai marayun da aka bari suna da kaso a ciki, kuma ba kowa ke da ikon yafe nasu ba.

Wanda kuma Allah ya sa ya riga hukuma isa wurin haɗari, bayan ya kira 122 ya taimaki masu rai, zai iya ɗaukar hoton yadda motocin suke kafin a matsar da su, da zanen birki, da tayoyin, da lambobin motocin, ya miƙa wa mai bincike maimakon ya watsa hoton gawarwaki a WhatsApp.