Daga Taksi Mai Oda Zuwa Jakar Magani: Waiwaye Kan Agajin Gaggawa a Kumasi

Duk wanda ya yi wayo a Aboabo ko Asawase kafin shekarar 2004 ya san yadda ake kai wanda ciwo ya kayar asibiti. A tare taksi, a kwantar da shi a kujerar baya, ɗan'uwa ya tallafe kansa, direba ya kunna fitilu ya danne oda ba ɗagawa har ƙofar Gee, wato asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Allurar farko da ƙarin ruwan farko duk sai an isa. Mai sauran kwana ya kai, wanda bai kai ba a juyo da mota gida a shiga neman likkafani.

An taɓa auna abin da wannan hali yake ci na rayuka, kuma a nan Kumasi aka auna. A 1998 wani likitan tiyata ɗan Amurka, Charles Mock, da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya kwatanta birane uku. Cikin kowane mutum 100 da suka ji mummunan rauni, 63 ne suka rasu a Kumasi, 55 a Monterrey ta ƙasar Meziko, 35 a Siyatil ta Amurka. Abin lura shi ne inda ajalin ya riske su: 51 cikin ɗarin nan na Kumasi sun cika tun ba su ga ƙofar asibiti ba. Ke nan babban giɓin yana kan titi, kafin a zo ga maganar likita ko ɗakin tiyata. Da yake babu hukumar motocin agaji a lokacin, masu binciken sai suka nufi waɗanda dama su ne ke ɗaukar masu rauni, suka koyar da direbobin haya sama da 300 yadda ake buɗe hanyar numfashi, a danne jini, a ɗaure karaya da abin da ke kusa. Babu ƙwayar magani ko ɗaya a darasin, kuma daidai ne, don magani a hannun wanda bai san adadinsa ba wata masifar ce.

Abin da ya girgiza gwamnati shi ne ranar 9 ga Mayu, 2001. Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2 da 1 a filin wasa na Accra, 'yan kallo suka fara jifa da kujeru, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, aka yi turmutsutsu a matattakala. Mutum 126 suka rasu, da yawansu matasan zango ne. Galibinsu matsi ne ya hana su numfashi, irin mutuwar da mintoci kaɗan ke raba ta da rayuwa. Kwamitin bincike ƙarƙashin Sam Okudzeto ya ba da shawarwari, kuma a 2004, zamanin Shugaba Kufuor, aka kafa Hukumar Motocin Agajin Gaggawa ta Ƙasa da tashoshi bakwai kacal. Farfesa Ahmed Zakariah ya jagorance ta shekaru da dama. Daga baya aka buɗe makarantar horar da ma'aikatanta a Nkenkaasu, nan cikin yankin Ashanti, kuma a 2009 sabon sashen haɗari da gaggawa na Gee ya fara aiki, aka soma horar da likitocin da wannan fanni ne sana'arsu.

Tunanin kai magani wurin marar lafiya maimakon jiran a kawo shi ba tsoho ba ne ko a ƙasashen Turawa. Dominique Larrey, likitan sojojin Napoleon, ya ƙirƙiro kekunan doki masu kwashe masu rauni daga fagen fama, amma fiye da ƙarni ɗaya da rabi bayansa motar asibiti galibi ba ta wuce abin ɗauka ba. Sai a 1966 likitan zuciya Frank Pantridge ya sa na'urar farfaɗo da zuciya da magungunanta cikin mota a birnin Belfast. Shekara guda bayan haka, a unguwar baƙar fata ta Pittsburgh, aka horar da matasan unguwar suka zama ma'aikatan Freedom House, wata ƙungiyar motocin agaji, suna cikin na farko a Amurka da suka riƙa yin aikin ceto mai zurfi a kan titi alhali ba likitoci ba ne. Ina son wannan tarihin saboda unguwar da aka raina ce ta koya wa sauran gari.

Galibin magungunan da ke cikin jakar ma'aikatan agajin kuwa sun girmi motocin nesa ba kusa ba. Asfirin ya shiga kasuwa a 1899. Adirenalin, masanin Japan Jokichi Takamine ya tace shi a 1901. Ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe don ciwon ƙirji, tun 1879 William Murrell ya bayyana amfaninta. Salbutamol, wanda masu asma suka fi sani da Ventolin, shi ne ƙaraminsu, ya fito a 1969. Babu mai tsada a cikinsu. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne amincewar likitoci cewa wani wanda ba likita ba zai iya ba da su, da kuma shata iyakar abin da kowane ma'aikaci zai taɓa. A Ghana ma haka tsarin yake, akwai ma'aikaci mai horon farko akwai mai horo na gaba, kuma ba kowane mai kakin hukumar ne aka yarje wa neman jijiya ba. Don haka idan mota ta zo aka sa wa Baba iskar oksijin kawai ba a yi masa allura ba, ba lallai rowa ce ko sakaci ba.

Kowane ɗayansu da gurbinsa, kuma gurbin ƙunci gare shi. Adirenalin a cinya shi ke ceton wanda jikinsa ya yi mummunar bore ga wani abinci, magani ko harbin zuma har maƙogwaro ya fara toshewa. Wajen tsayawar zuciya kuma labarin bai kai haka daɗi ba: wani gwaji a Birtaniya a 2018 kan mutum wajen 8,000 ya nuna yana ƙara yawan masu rayuwa kaɗan, amma bai ƙara yawan masu tashi da lafiyayyar ƙwaƙwalwa ba. Danna ƙirji da wuri ya fi shi tasiri, kuma wannan hannu kawai yake buƙata. Asfirin da aka tauna yana rage mutuwa idan jijiyar zuciya ce ta toshe, babban gwajin 1988 ya tabbatar da haka. To amma a ba wanda bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ya mutu, kafin a ɗauki hoton kai? Idan jini ne ya fashe a ƙwaƙwalwa, an ƙara masa ciwo. Suga ma haka: mai ciwon suga da ya fara zufa da sambatu, in yana iya haɗiya a ba shi abu mai zaƙi, in ya suma kuwa ɗura masa koko ko lemo a baki tura shi huhu ne. Nasa sai ta jijiya.

Inda na fi ganin tarihin ya shafe mu shi ne zubar jini. Wasu ma'aurata masana a Japan, Utako da Shosuke Okamoto, suka samar da tiraneksamik asid a 1962, maganin da ke hana gudan jini narkewa. Burin Utako tun farko shi ne matan da ke mutuwa wajen haihuwa, amma likitocin zamaninta ba su ba ta haɗin kai an gwada ba. Maganin ya zauna shekaru ana ba da shi don yawan jinin al'ada da cirar haƙori. Sai a 2010 gwajin da aka yi kan mutum fiye da 20,000 masu rauni ya nuna yana rage mutuwa, a 2017 kuma wani gwajin kan mata 20,000, da yawansu daga Najeriya, ya nuna yana rage mutuwar zubar jinin haihuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sharaɗin duka biyun ɗaya ne: a ba da shi cikin awa uku. Bayan haka amfaninsa ya tafi. Duk wanda ya san yadda ake jan ƙafa a gidajenmu, a jira maigida ya dawo daga kasuwa, a kira Hajiya ta zo ta duba, a haɗa kuɗin mota, ya san inda awa ukun nan ke zurarewa. Oksitosin, wanda ke matse mahaifa, yana son sanyi kuma zafi na rage masa ƙarfi, shi ya sa ƙwayar misofurostol ta samu karɓuwa a inda babu firji. Jijjigar masu ciki kuma maganinta magnesiyam salfet.

Ghana ta ba da nata gudummawar a fannin zazzaɓin cizon sauro. Tana cikin ƙasashe uku, tare da Tanzaniya da Bangaladesh, da aka gwada matsin atesunet ta dubura ga yaran da zazzaɓi ya kayar har ba sa iya shan magani. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna cewa ga waɗanda suka wuce awa shida ba su isa asibiti ba, matsin ya rage mutuwa da naƙasa da rabi. Sayen lokaci yake yi, dole a ƙarasa asibiti. Yaron da ke jijjiga kuma diyazefam ne ke tsayar masa idan ta ƙi lafawa. Cokali a baki, hayaƙi a hanci, ɗura manja, duk mun gada, kuma duk suna cutarwa. A kwantar da shi ta gefe, a kira 112 ko 193.

Maganin raɗaɗi shi ne inda muka faɗa tsaka mai wuya. A wajajen 2017 da 2018 shan tiramadol ya zama abin magana a ƙasar nan, zangonni ba su tsira ba, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙara matsa ido a kansa. Ƙwayar tana jawo jijjiga da danne numfashi idan an zarce, kuma naloksan, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1971, yana dawo da numfashin amma ba ya maganin jijjigar. A ɗaya gefen ga mai sikila da ciwon ƙashi ya tasar wa cikin dare, ga wanda babur ya karya wa cinya, su kuma suna buƙatar magani mai ƙarfi da gaskiya. Tsoron na farko bai kamata ya bar na biyu yana ihu har Gee ba.

A Janairun 2020 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da motoci 307 ƙarƙashin shirin kowace mazaɓa da motarta, kuma a shekarar aka yi wa hukumar dokarta ta kanta. Ci gaba ne babba idan aka tuna tashoshi bakwai. Sai dai kaso mai yawa na aikin motocin har yanzu ɗaukar marar lafiya ne daga wannan asibiti zuwa wancan, ba daga gida ko bakin titi ba, ga kuma matsalar “babu gado” da ta tayar da ƙura a 2018 bayan wani dattijo ya rasu a Accra ana yawo da shi asibiti bakwai. A lungunan Aboabo da Sawaba, inda mota ba ta shiga kuma kwatance sai da masallaci ko mai waina, pragya, wato babur mai ƙafa uku, ce ke fara isowa, kuma direbanta ba shi da ko bandeji a ƙarƙashin kujera.